Gadon Kwamfutar da Muka Zaɓo a Ƙonni

Shekarar da na shiga ƙarin karatu, ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko ta Tajaye, ina kuma zaune a gidan iyayen mijina. Shi maigidan yana ci-rani a Abijan, ba ya dawowa sai an fara jin ƙamshin damina. Daga can ya aiko mini da kwamfuta ta hannun wani ɗan garinmu, an naɗe ta cikin zani kamar jaririya. Ba sabuwa ba ce, har wasu haruffan sun goge, amma da ita zan rubuta littafin kammala karatun da aka ce in kai kafin ruwa ya sauka.

Lokacin sanyi mun zauna lafiya da ita. Da bazara ta kankama sai halinta ya fito. In na kunna ta, ba a jimawa sai ƙaramar fankar cikinta ta fara kuka, gindinta ya yi zafin da ba ya taɓuwa, can sai ta ɗauke ɗif. Na ɗora ta bisa bulo biyu don iska ta ratsa. Na koma ƙarƙashin itacen bedin tsakar gida. Har bisa murfin randa na taɓa aza ta. Inna, uwar mijina, takan jawo tabarma ta zauna kusa da ni tana yi mata fifita da faifai, tana cewa, "Sannu baiwar Allah, mu ma haka muke ji."

Shi kuwa Baba, surukina, ban san abin da ke ransa ba. Tun da aka kawo ni gidan maganarmu ba ta wuce gaisuwa. In durƙusa in ce ina kwana, ya ce lahiya lau, shi ke nan. In yana son wani abu daga gare ni, ko ina tsaye a wurin, Inna yake kallo ya ce, "Ki ce ma malama a kawo ruwa." Haka aka saba, ba ƙiyayya ba ce. Amma dai na ɗauka wannan karatun nawa bai kwanta masa ba. Matar aure da ƴaƴa, ta wuni a lakwal, ta dawo ta tasa wani ƙarfe a gaba tana ƙwanƙwasa.

Wata ranar Laraba bayan la'asar na zauna na rubuta babin da ya fi ba ni wuya. Rubutun ya zo mini da sauƙi ranar, har na manta ban adana ba. Sai ta mutu. Da ta huce na kunna, babu komai, kamar ban taɓa zama ba. Ban san lokacin da kuka ya ƙwace mini ba. Inna ta ajiye faifan ta dafa kafaɗata.

"Ba ta da magani ne?"

Na gaya mata abin da wani mushe, wato malami abokin aikina, ya ce: akwai wani faranti mai fanka a ciki da ake ɗora kwamfuta a kai, yana hura mata iska ta ƙasa. A Ƙonni ake samu. Na ce zan jira maigidan ya dawo.

"Ba kin ce kahin ruwa za ki kai aikin ba?"

Na ce haka ne. Ban tuna cewa zauren da Baba yake zama ba shi da nisa da bedin ba.

Ranar Asabar da sassafe ina wanke wa yara ido, Inna ta leƙo.

"Shirya maza, Babanku na jiranki. Ƙonni za shi. Ya ce ki ɗauko marar lahiyar, ni ina nan da yara."

Na iske shi a zaure da rigarsa ta Juma'a da sandarsa. Na gaishe shi, ya amsa, ya wuce gaba na bi bayansa. A mota ya zauna kusa da direba, ni a baya da kwamfutar a cinyata. Muka wuce buhunan albasa jere a bakin hanya wajen Tsarnawa, har muka sauka Ƙonni bai waiwayo ba.

Da tambaya muka samu shagon, a wani lungu da ake sayar da wayoyi da caja. Mai shagon magidanci ne mai fara'a, maganarsa da jin ta ka san iyayensa daga wajen Sakkwato suka zo. Ya ba Baba kujera, ya karɓi kwamfutar ya juya ta, ya hura ramukan ƙasanta da wani ɗan famfo. Ƙurar da ta fito har ta sa shi atishawa.

"Wagga ai ta sha ƙasar Adar," in ji shi. Sai ya jero mana faranti uku bisa tebur.

Na farko ƙarami ne na roba, marar nauyi, ana naɗe shi a sa a jaka. Na biyu na ƙarfe ne mai raga, fanka ɗaya ce babba a tsakiyarsa. Na ukun kuwa ƙato ne, fankoki da yawa a jere, in an kunna sai fitilu shuɗɗa da jajaye su dinga zagaye shi kamar motar amarya.

Baba ya nuna ƙaton da bakin sandarsa.

"Wane na babbansu?"

"Shi ne wanga, Baba."

"To ka ce ma malama shi za a ɗauka. Tunda gado ne za a yi ma abin, a yi mai kyau."

Mai shagon ya dube ni yana murmushi. "Malama, ya yi?"

Na ce ya yi, a hankali, kaina a ƙasa.

Ya fara neman kwalinsa. Na san wannan farantin daga jikin kwamfutar zai sha wuta, ni kuwa a lakwal nake yin caji da hasken rana, in lallaɓa batirin har dare. Fankoki da fitilu haka, kafin in rubuta shafi ɗaya sun shanye shi. Ga ƙara, ga girma, ba zai shiga jakata ba. Amma yaya zan ce wa surukina abin da ya zaɓa bai yi ba, a gaban baƙo, bayan ya baro gida ya shigo mota saboda ni? Na ce a raina in karɓa kawai, in na je gida in ajiye. Sai na tuna zai gane. Zai ga abin a jingine, ya san wahalar banza ya yi.

Na ce, "Baba."

Ya juyo. Ina jin ranar ce ya fara kallon fuskata sosai.

"Baba, a gafarce ni. Wannan ba zai yi mini ba."

Mai shagon ya tsaya da kwali a hannu. Sai Baba ya gyara zama, ya jingine sandar a gwiwarsa.

"To, madalla. Hwaɗa mini dalili."

Na faɗa masa. Na yi maganar batiri da cajin lakwal. Na juya kwamfutar na nuna masa inda ramukan suke, na ce iska ta nan ake son ta shiga, fankar da ba ta saitin nan aikin banza take. Yana saurare yana gyaɗa kai, ya tambayi abin da bai gane ba, na sake bayani. Da na gama ya dubi mai shagon ya yi dariya.

"Ka ji ko? Ni da na zo da kuɗi ban san komi ba. Kunna mata su duka ta gwada."

Muka gwada. Ƙaramin na roba yana lanƙwashewa in na danna haruffa, iskarsa kuma ba ta kai ta numfashi ba. Mai shagon da kansa ya ce wannan na masu zama cikin buro, wato ofis mai sanyi ne. Muka ɗora ta bisa na ƙarfen. Fankarsa ta zo daidai ramukan, tana juyawa ba hayaniya. Na buɗe aikina na yi ta rubutu, mai shagon ya ce kada in yi sauri, in bar ta ta yi zafi tukuna. Baba ya matso da kujerarsa yana kallon haruffan suna fitowa. Can ya miƙa bayan hannunsa ya taɓa gefenta, kamar yadda ake taɓa goshin yaro.

"Zazzaɓin ya sauka," in ji shi.

Shi muka ɗauka. Suka yi cinikinsu irin na manya, da barkwanci da rantse-rantse, ni dai na koma gefe. Mai shagon ya ƙara mini da gargaɗi: kada in ɗora ta bisa katifa ko cinya, in kuma riƙa share ƙurar ramukan.

A tasha motar ba ta cika ba. Baba ya sayo fura a ƙwarya biyu, ya miƙo mini ɗaya da hannunsa, muka zauna a inuwa, shi bisa benci ni bisa tabarmar wata mai ƙosai. Yana kallon hanya ya fara magana.

"Ina yaro, an zo garinmu ɗaukar yara lakwal. Sunana na ciki. Tsohona ya ɗauke ni ya jefa cikin rumbu, ya ruhe. Na wuni cikin hatsi ina jin su suna tambaya, ana ce musu na tahi kiwo. A lokacin murna na yi." Ya kurɓi furar. "Wanda aka kama madadina, ɗan maƙwabcinmu, likita ya zama. Ban riƙe tsohona da komi ba, abin da ya gani shi ya yi. Amma in ina zaure ina jin kina buga abin nan, daɗi nike ji. Sai in ce ga karatun dai ya shigo gidan."

Na sunkuyar da kai ina juya ludayi, hawaye na ɗiga cikin furar. Ya yi kamar bai gani ba, ya tashi ya tafi duba ko motar ta cika.

Da muka dawo, Inna ta zagaye farantin tana dubawa, ta sa hannu ta ji iskar, ta ce ashe an sallame ta daga aiki. Kwamfutar ba ta daina zafi gaba ɗaya ba, bazarar ƙasarmu ba a cin ta da fanka ɗaya. Da tsakar rana nakan kashe ta in bar ta ta huta. Amma ba ta sake mutuwa a hannuna ba. Na sake rubuta babin da ya ɓata, na kai aikin ana saura kaɗan a yi shuka.

Tsakanina da Baba kunya ba ta tafi ba, kuma ban so ta tafi ba. Sai dai in na fito da yamma yakan tambaye ni da kansa, "Malama, ina aka kwana?" In gaya masa babin da nake, ya ce Allah shi taimaka.

Sakamako ya fito ana tsakiyar noma, maigidan ma ya dawo. A waya aka sanar da ni. Na gaya wa Inna, Inna ta rangaɗa guɗa, ta aika gona. Baba ya dawo da hauyarsa a kafaɗa, bai ko shigo cikin gida ba, ya sa aka kama zabi aka yanka. Daga baya matar liman ta ba ni labari cewa da aka idar da sallar magariba ya miƙe a masallaci, shi da ba ya magana cikin taro, ya ce jama'a su taya shi godiya ga Allah. Aka tambaye shi abin da ya samu.

Ya ce, "Mun ci jarrabawa."