Tuwon Garin Farin Bango

Duk shekara, washegarin ranar da aka ba mu dogon hutu a Birnin Kudu, Baba yakan saka ni a mota zuwa Maruta, wurin mahaifiyarsa, Kaka Ladi. Hutun yakan faɗo tsakiyar damina, lokacin da gero ya fi mutum tsawo a gona amma rumbu ya kusa ƙarewa. Abincinmu a waɗannan makonni ba shi da yawan suna. Da dare tuwo, da rana kwaɗon rama. Kaka takan tsinko ramar a bayan gida, ta dafa, ta matse ta da hannu har tsamin ya ragu, sannan ta barbaɗa dakakken ƙuli-ƙuli da albasa da ɗan barkono. A ƙwarya ɗaya muke ci, ni da ita da 'ya'yan kawuna.

Bayan sallar magariba, in ruwa ya hana mu tsakar gida, sai mu cunkushe a ɗakin girki. Wuta tana lasar gindin tukunya, masara tana fashewa a kan garwashi, hayaƙi yana sa mu hawaye ba wanda ya taɓa mu. Kaka takan gyara zama ta ce, “To, ga ta nan ta iso bakin ƙofa.” Mu kuma mu ce, “A buɗe mata ta shigo.”

Cikin tatsuniyoyinta akwai ɗaya da na tsana, ta Tasalla. Tasalla mace ce da ta gaji da abincin garinsu. “Kullum rama, kullum rama, sai ka ce awaki,” in ji ta. Ta ji labarin wani gari a bayan koguna bakwai, Garin Farin Bango, wanda duk matafiyin da ya dawo daga can ba ya rufe baki da yabon tuwonsu: fari kamar auduga, sumul kamar ƙwai. Sai ta ɗaura ƙunshinta ta kama hanya ita kaɗai.

Ta tarar da garin ya ma fi yadda ake faɗa. Bango fari tas, ƙofofi da zane, hanya a share, ko kashin akuya babu. Aka shimfiɗa mata tabarma, wata tsohuwa ta ajiye mata akushi ta ɗaga faifai. Baƙin da suka gabace ta, kyan tuwon yakan sa su ji nauyin fasa shi, sai su yi ta kallo suna yabo, su ce sun ƙoshi. Tasalla kuwa yunwa ta ci ta. Ta luma yatsu.

A nan Kaka takan rage murya. “Ɓawon sama ya fashe. Ciki kore shar, ya yi gashi kamar haɓar bunsuru, tsutsa tana iyo. Tuwon shekara bakwai ne, shi ake ajiye wa kowane baƙo. Tsohuwar nan ko kunya, ta tsoma hannu a ruwa, ta shafe inda ya fashe, ta mayar da faifai, ta zauna jiran na gaba.”

Nakan ajiye masarata in na ji wannan wurin. Kaka kuwa ta ɗauka ta ci gaba da gaigaya.

Wata rana na tambaye ta, “Kaka, da ta koma gida ta tona musu asiri ko?”

“Ta tona wa? 'Yar boko, mace ta ƙetare kogi bakwai, ƙafa ta kumbura, sannan ta dawo ta ce ruɓaɓɓen tuwo ta je gani? Yabonsa ta yi, har ta fi na baya iya yabo. Shi ke nan, ta ƙare, ƙaryar da ke ciki kan kusu ya ɗauka.”

A lokacin na ɗauka labarin ƙazamai ne kawai.

Bayan shekaru na samu gurbin ƙarin karatu a wata ƙasa da ke bakin teku. Da hutun bazararsu ya zo, na rataya jaka a baya, na hau jirgin ƙasa, na sauka na hau bas, ni kaɗai, zuwa wani ƙauye a kan tudu da na daɗe ina kallon hotunansa. Gidaje farare, ƙofofi shuɗaye, furanni suna zubowa daga tagogi kamar ana ɗaurin aure a kowane gida. Na yi ta yawo zuciyata tana rera waƙa. Sai can na lura ban ji kukan jariri ba, ban ga hayaƙi ba. Wankin da aka shanya a kan igiya ya ƙandare da ƙura, an rataye shi ne don masu ɗaukar hoto. Mutanen garin sun daɗe da tashi, gidajen na haya ne ga irina.

Na shiga wani gidan abinci da aka rubuta a ƙofarsa cewa girkin kakanni suke yi. Aka kawo mini miyar tumatir da yalo a 'yar tukunyar ƙasa, da burodi a kwando. Na tashi neman inda zan wanke hannu, na tura ƙofar da ba ita ba. Mai gidan ne a tsaye, yana matso daskararriyar miya daga leda zuwa cikin tukwanen ƙasar. Gefensa ga burodin da wasu suka ci suka rage. Yana yanke inda haƙori ya taɓa, yana mayar da sauran cikin sabon kwando. Muka haɗa ido. Ya yi mini murmushi ya nuna mini ƙofar gaba.

Na koma na zauna. Ko loma ban kai baki ba. Amma na gyara tukunyar ta fuskanci haske, na matso da furen da ke kan teburin, na ɗauki hoto na watsa wa ƙawayena. Da yamma na kira wayar kawu aka miƙa wa Kaka. Idonta ya riga ya yi yana, ba ta ganin hoto, don haka da baki na zana mata. Na ce ban taɓa cin abinci mai daɗin wannan ba, na ce su mutanen nan ko ganye suka dafa sai ka ji kamar a aljanna aka tsinko. Ta ce, “Allah Sarki. To madalla.”

Damina ta zagayo na dawo gida, na tafi Maruta da ɗokin ƙwaryar nan. Da azahar aka ajiye mini faranti da cokali mai yatsu, aron gidan amaryar maƙwabta. Taliyar kanti ce da tumatirin gwangwani, ta dahu har ta caɓe. Kaka da kanta ta dafa, da lalube.

“Ban sani ba ko ya yi kama da nasu,” ta ce, tana murza bakin zanenta. “Ramar dai na ce kar a kawo miki. Bakin da ya saba da na can, kar mu ba shi kunya.”

Matar da ba ta taɓa neman afuwar kowa a kan girkinta ba, yau ita ce take sunkuyar da kai a gabana. Ƙyamar da na ji a bayan waccan ƙofa ba ta kai rabin wadda na ji a kan tabarmar nan ba, kuma wannan karon ba taliyar nake ƙyama ba.

Na ajiye cokali na faɗa mata komai: ledar, burodin, wankin da ba mai shi, da yunwar da na kwana da ita ranar.

Sai kafaɗunta suka fara rawa, ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

“Wato kin ga tsutsa da idonki, kika tsoma hannu a ruwa kika taya su shafewa.”

Sai ranar na gane abin da take faɗa mana a bakin murhu. Ba tsohuwar nan mai akushi ce take raya Garin Farin Bango ba. Matafiya ne, masu jin kunyar a ce wahalarsu ta tashi a banza. Kowannensu ya dawo ya sa na gida ya raina abin da ke ƙwaryarsa, wani kuma ya ɗaura ƙunshi ya kama hanya.

Na ce, “Kaka, bari in je in tsinko rama.”

“Gobe,” ta ce. “Ba a zubar da abinci a gidan nan. Ke kika jawo taliyar nan da bakinki, da shi za ki cinye ta.”

Na cinye ta tas, ta huce ta yi sanyi, Kaka tana zaune ta kasa kunne ga ƙarar cokali don ta tabbata ban watsa wa kaji ba.