Kukar Malam Ta Tafi Kwata

Mata, makanike ya wanke mini motar marigayi har ya kashe ta!

Kun san motar nan ce ke ciyar da mu tun rasuwar maigidana Malam. Ƙanensa Sani ke jan ta zuwa Dumega. Jiya ya ce injin na zafi, sai an wanke radiyater, tankin ruwan da ke sanyaya shi. Na bi shi garaji da ƙafata.

Makanike ya zura tiyon wankin mota, ya saki ruwa da ƙarfi. Sai ga laka tana bulbulowa, koriya shar, mai yauƙi! Na sunkuya na shinshina. Wallahi kuka ce!

Makanike ya ce, "Hajiya, miya kuke dafawa a ciki?"

Sani ya dafe kai. Ya ce, "Wayyo! Yaya kan zuba garin kuka ya toshe ramuka. Na manta, Anti."

Shekara da shekaru Malam na cewa in ƙulla masa kuka in zai fita. Na zaci mai tuwon tasha yake kai wa. Ashe da ita yake riƙe motar. Ina tsaye aikin hannunsa ya bi kwata ya tafi. Hawaye suka zubo mini a gaban maza.

Aka zuba ruwa mai kyau, ya tsiyaye kamar rariya. Makanike ya ce, "Haƙuri, sai an sayi sabon radiyater."

Na ce, "Da bakinka za ka saya?"

Yau da safe na ɗora radiyater a kabu-kabu, na kai wa mai walda. Ina kan bencinsa yanzu. Na gaya masa ba na tashi sai ya toshe ramin ƙarshe.