Ƙwai Tara Na Ƙarshe Daga Kazar Mahaifiyata

Shekarun baya, bayan rasuwar mahaifiyata, ni kaɗai na rage a gidanmu na Ƙofar Jatau. 'Yan'uwana duk sun yi gidajensu a wajen ganuwa, sai da Sallah ake haɗuwa. Abin da ke motsi a tsakar gidan daga ni sai kajinta, jajaye masu tukku, irin da ta zo da shi daga ƙauyensu tun tana amarya. Ba a yi wata uku ba cutar kaji ta shigo unguwa, ta bar mini kaza ɗaya da zakara ɗaya. Kazar tana yin ƙwai, amma ta ƙi kwanci. Kullum tsorona kada irin ya ƙare a hannuna.

Abokina yana da ƙaramin injin ƙyanƙyasa mai aiki da batir da sola. Da zai koma Kudu aiki, cikin bazara, sai ya kawo mini shi. Ya nuna mini mazubin ruwa guda biyu a ƙasan injin, ya ce in cika su, kada in kuskura su bushe. Ni firamare kawai na yi, takardar injin kuma da Turanci take, don haka maganarsa na rubuta a bayan kalanda na riƙe gam.

Da irin halina, na shafe watanni ina tsoron kunna shi. Ban zuba ƙwai ba sai tsakiyar damina. Ɗakin da na ajiye shi soro ne, bango ya sha ruwa, gishiri yana narkewa a gwangwani, ashana ba ta kamawa. Duk ina gani, amma ban kawo komai a raina ba. Bayan kowace sallah sai na leƙa mazuban nan na ƙara ruwa.

Kwana ashirin da ɗaya suka cika, biyu suka fito cikin goma sha biyu. Jikinsu danƙo-danƙo, ciki a kumbure, cibiya ba ta rufe ba, ko tsayuwa ba sa iya yi. Na ɗiga musu ruwan sukari, na yi ta tofa musu addu'a. Kwana uku suka yi suka mutu. Sauran da na fasa, 'yan tsaki ne cikakku, sun mutu tsamo-tsamo a cikin ɓawo.

Na zauna na yi wa kaina shari'a, ba mai ba ni shawara. Na tuna ranar da na je jana'iza na daɗe, na dawo na tarar ruwan ya ragu. Na ce wannan ne laifina. A zubi na biyu na ƙara da soso jiƙaƙƙe. Ko ɗaya bai fito ba.

Na sha ɗauko waya in kira abokina, sai in ajiye. Kada in dame shi yana bakin aiki, kada ya ce na lalata masa inji.

Ana nan zakaran ya mutu. Ƙwai tara ke cikin ƙwarya, daga su kuma babu sauran na ƙyanƙyasa.

Mai sayar mini da dusa ne ya kwatanta mini wata dattijuwa a Wusasa mai sana'ar ƙyanƙyasar ƙwai. Na naɗe ƙwai ɗaya cikin waɗanda suka ƙi fashewa a hankici, na hau acaɓa. Ta saurare ni har na gama ba ta katse ni ba. Sannan ta shiga da ni wani ɗaki mai duhu, ta haska ƙwan da tocilar waya. Ta nuna mini ɗan fili a samansa bai fi faɗin farce ba. Ta ɗauko nata mai kwana goma sha takwas, filin ya kusa cinye sulusin ƙwan. Ta ce a nan ɗan tsako yake fara shaƙar iska, kuma filin ba ya girma sai ƙwai ya riƙa bushewa kaɗan-kaɗan. Idan laima ta yi yawa, ya huda sai ya tarar da ruwa.

"Malam, da wane lokaci abokin naka ya koya maka?"

Na ce da bazara.

"To yanzu fa? Sama tana zuba musu, kai ma kana zuba musu. Kifi kake son ƙyanƙyashewa?"

Ta ara mini ɗan agogon auna laima, ta zana mini alama inda allurar za ta tsaya. Ta ce in zubar da ruwan duka, sai kwana uku na ƙarshe in cika mazubi ɗaya, in rufe, in cire hannuna.

Na dawo na zuba ƙwai taran nan a injin. Kwanakin nan sun fi mini komai wuya. In tsaya ina kallon mazubi a bushe ƙarau, buta a hannuna, zuciyata tana ce mini kashe su nake yi. Sau biyu na kusa zubawa. Ƙarshe sai na mayar da butar zaure, don kafin in je in dawo hankalina ya dawo.

Ranar Talata da hantsi na ji kukan farko. Kafin la'asar bakwai sun fito, sun bushe, suna tsaye da ƙafafunsu. Na duba cibiyar kowanne sau uku. Na fito tsakar gida da gudu bakina cike da albishir, sai na tsaya. Babu wanda zan gaya wa. Kazar ce kawai, tana tonon ƙasa, ko kallona ba ta yi ba.

A ranar na kira abokina. Da na ba shi labari ya yi dariya har da tari. "Ai ni ma da damina ba na zuba ruwa. Me ya hana ka tambaya?"

Zubi biyu na binne a bayan ɗaki saboda gudun kada in dami mutum, shi kuwa ashe ya ɗauka shirun da na yi fushi ne. Na gane ba sakaci kaɗai ke kashe abu ba, kulawar da mutum ya ƙulle kansa da ita shi kaɗai ma tana kashewa.

Yau jikokin kazar sun cika tsakar gida, har maƙwabta suna ƙorafin sun shiga musu shanya. Ni dai har yanzu ni kaɗai ne a gidan. Amma duk ranar da aka ƙyanƙyashe, kafin in ƙirga su, sai na fara kiran wani.