Yaya Bawa da Duwatsun Maradun

Shekara goma sha tara ke nan da muka kai Yaya Bawa makwancinsa a Maradun. Har yau in gari ya washe bayan ruwan safe, sai in ji kamar zai leƙo shagona ya ce, "Sanusi, aje almakashin nan, ƙasa ta yi wanka, mu tahi mu gan ta!" Ni tela ne. Shi kuwa wana ne uwa ɗaya uba ɗaya, direban tifa a shekarun da ake gina madatsar ruwa ta Bakolori. Allah Ya jiƙansa da rahama.

Aikinsa ɗebo dutse daga tuddai ya kai bakin aiki. Sauran direbobi sukan kwanta a inuwar mota har a gama lodi. Shi kam kafin a cika masa ya haye ƙololuwa yana waige-waige. Da haka ya gano wuraren da mu da aka haifa a gindinsu ba mu san suna da kyau ba. A wurinmu dutse makiyayar awaki ne kawai, sai kuma macizai.

Mai motar, wani ɗan kwangila a Mafara, yakan bar masa ita ranar Juma'a. Da an sauko daga masallaci sai Yaya Bawa ya cika bayanta da duk wanda ya yarda: mahauta, malamai, ma'aikatan dam 'yan Kudu, har da wani mai gyaran keke da bai taɓa fashi ba. Ya kai mu wani falalen dutse wajen Tsibiri inda ruwan sama ke taruwa cikin ramuka, sanyi kamar na randa. Daga baya, da ruwa ya fara bin magudanai, ya kai mu wani tudu ta wajen Birnin Tudu a tsakiyar rani. Ko'ina ya bushe ƙayau, amma ga shinkafa kore shar iya ganinka! Wani malami daga Bakura ya cire hula ya riƙe a hannu, ya kasa cewa komai sai salati. Gani ya kori ji.

Amma a gidanmu ba murna ake yi ba. Gonar Baba ta fadama, wadda ya gada daga kakanmu, tana cikin waɗanda ruwan madatsar ya ci. Tun ranar da aka ce a tashi, Baba ya daina amsa gaisuwar Yaya Bawa. Kullum da safe Yaya zai durƙusa a zaure ya gaida shi, Baba ya kau da kai. Da na yi ƙarfin hali na sa baki, sai ya ce mini, "Wanda ka jidar dutse a binne gonar ubanai, mi ya haɗa ni da shi?" Aka yi damina biyu a haka. Baba ya rame, ya daina fita ko kasuwa, Yaya kuma dariyarsa a ƙofar gida take tsayawa.

Wata rana da kaka ya faɗo shagona yana haki, idanunsa na ƙyalli.

"Na gan ta, Sanusi! Giginyar Baba ta bakin iyakar gona. Daga kan babban dutsen nan mai kallon tafki, kanta na nan bisa ruwa. Ka hwaɗa mai, ni ba ya sauraro na."

Da na faɗa wa Baba, ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya ce, "Da idonka ka gani?" Na ce a'a. Ya ce, "To, sai na gani da nawa. Amma ba ni shiga motar nan."

Jaki muka aro. Washegari da hantsi muka kama hanya, Baba a kan jaki, ni ina ja, Yaya Bawa yana biye a baya kamar baƙo. Inda hawan ya yi tsauri jaki ya turje. Baba ya sauka, ya yi taku kaɗan, gwiwa ta ƙi. Yaya ya zo ya tsuguna a gabansa ya ba shi baya. Na ɗauka za a yi tsiya. Baba ya dubi sauran hawan, ya dubi hanyar gida, sai ya miƙa mini sandarsa ya hau.

Abin da muka tarar a sama, har na mutu ba zan manta ba. Ruwa shimfiɗe kamar an sauko da sararin sama an ajiye tsakanin tuddai, balbelu fari fat a gefe, kwale-kwalen masunta ƙanana kamar ɓawon gyaɗa, ga iska mai sanyi tana kaɗa riga. Can tsakiya kuwa ga kan giginyar, ganyenta na rawa. Baba ya zauna ya zuba mata ido, hawaye na bin gemunsa. Ya yi wa kakanmu addu'a, muka shafa. Sai ya juya, ya nuna wani tudu da haɓa.

"Bawa, mi ke bayan wancan?"

Sunan da bai kira ba damina biyu! Yaya ya ce, "Janbako ce, Baba."

"Janbako? Tun ina saurayi nike cin kasuwarta, ban san nan take kusa haka ba. Juma'a ka kai ni in gan ta daga bisa."

A gaban tifa ya zauna ranar Juma'ar, yana faɗa wa Yaya ya rage gudu. Ba zan ce Baba ya huce da rashin gonarsa ba, da ciwonta ya koma ga Allah. Amma ya gane hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Nakan tambayi kaina me Yaya Bawa zai ce da ya ga yau. Wayar da ke ɗaukar hoto za ta haukata shi, na tabbata sai ya cika ta a yini ɗaya. Amma da ya ji cewa akwai tuddan da yanzu ba a zuwa sai an tambayi lafiyar hanya, da ransa ya ɓaci ƙwarai. Ina jin zai ce mu yi ta addu'a, mu kuma riƙa hawan waɗanda ake iya hawa, kada tsoro ya mantar da mu ƙasar da Allah Ya ba mu.

Bai bar gidan bene ba, ko motar da ya tuƙa ba tasa ba ce. Na daɗe ina tunanin da mu tsofaffi muka ƙare, abin nasa ya ƙare. Sai bara bayan Sallah, da hanya ta yi sauƙi, na lallaɓa zuwa babban dutsen ina tsoron ciyawa ta rufe hanya. Na tarar da turba a goge, sawun mutane ya daddale ta. A sama ga iyalai sun shimfiɗa tabarmi, wasu daga Gusau, wasu daga Sakkwato. Wata matashiya ta ga ina haki, ta gaishe ni har ƙasa, ta miƙo mini ruwa.

"Baba, yau kuka fara zuwa? Ku zo ta nan, daga nan ya fi kyau."

Na tambaye ta wa ya fara nuna wa mutane wurin. Ta yi dariya ta ce, "Ai kowa ya san wurin nan, Baba." Ban gyara mata ba. Na bi ta, ta nuna mini.