Baitin Gurgu

Ni ne da laifi, gara in faɗa tun farko.

Shekarun baya, Turawa ba su tafi ba tukuna, ina rubuta waƙoƙin wa'azi da ajami, ina rerawa ranar kasuwar Dutsin-Ma. Karatuna bai yi nisa ba, amma ji nake ba kamata. Abokina, mutumin Kurfi, shi ma yana waƙa. In ana rerawa sai ya riƙa buga zobensa a jikin butarsa ta ƙarfe. Inda kari ya karye, nan yake tsayawa.

Ranar nan ina tsakiyar sabuwar waƙa a kan mutuwa, zobe ya yi shiru.

Ya ce, "Malam, wannan baitin gurgu ne. A saya masa sanda."

Jama'a suka yi dariya. Na ce, "Hassada ce, ɗan Kurfi." Na naɗe takarduna, na daina gaishe shi. Da ya kwanta ciwo da damina ya aiko in zo ya nuna mini gyaran. Na ce ina noma. Ko jana'izarsa ban samu ba.

Bayan girbi ina dawowa daga Birchi da tsakar rana, na zauna gindin wata tsamiya, na fara rera waƙar. Sai na ji ƙwas, ƙwas, ƙwas a bayan itacen, daidai da karin. Na zagaya. Ba kowa, ko akuya. Na ci gaba, bugun ya bi ni. Da na iso baitin nan, ya tsaya cak.

Na sake daga farko. Nan ya sake tsayawa.

Na ƙirga gaɓoɓin da yatsa, abin da girman kai ya hana ni yi a kasuwa. Kalma ɗaya ce ta yi yawa: "ni". Na cire ta. Bugun ya raka ni har ƙarshe, ban ƙara jin sa ba.

Ko kunnena ne, ko wani abu, Allah masani. Har yau in an kushe rubutuna, nakan ƙirga kafin in buɗe baki.

Washegari na tafi Kurfi, ƙanensa ya nuna mini kabarin. Na yi wa abokina addu'a, sannan na ce, "Aboki, gurgun ne. Ka yi gaskiya. Ka yafe mini."