Ranar da Muka Kai wa Alhaji Kwanukan Gayya

Matso kusa, ja tabarmar nan, ka ji yadda fenti ya kusa korar tsohuwa daga ɗakinta.

Ni ba mai yawo ba ce, ko kasuwa sai dole. Amma da ƙarin kuɗin haya ya ishe mu a Tudun Wada, masu haya suka haɗa 'yar ƙungiya, aka jefa ni ciki saboda bakina. Kullum hujjar masu gida ɗaya ce: "Zan canja kwanon rufi, dole in ƙara." Muka ce to, mu yi gyaran da kanmu, aikin gayya, mu ga hujjar da za ta rage.

Da ɗakin Mama muka fara. Tsohuwar ungozoma ce, 'yar coci, rabin yaran layinmu a hannunta suka faɗo. In ana ruwa har a kan gado take tara roba. Kuma ko kaɗan aka ƙara mata, sai dai ta koma ƙauye inda ba ta da kowa.

Maza suka hau rufi, mu muna ɗibar ruwa ana kwaɓa siminti. Sai wani mai fenti daga Gyallesu, aikin ya yi masa daɗi, ya shafe bangon waje da shuɗi, har da zanen fure a saman ƙofa. Muka yi ta guɗa, ba mu san abin da muka jawo ba.

Dillalin mai gidan ya gifta a kan acaɓa, ya ga bango, ya kai rahoto. Washegari sai ga Alhaji mai gidan, yana shafa fentin da tafin hannu.

Ya ce, "Mama, ɗakin nan ai ya fi ƙarfin tsohon kuɗi."

Ta ce, "Alhaji, ko ƙusa ka saya?"

Ya ce, "Bangon wa aka shafa?"

Ina bayan labule na leƙo. Na ce, "Au, Alhaji, ashe aikinka muka yi?"

"Nawa ne mana!"

Na ce, "Madalla. Wanda aka yi wa gayya ai shi ke ciyar da mutane. Mu kuwa ba mu ci ba tukuna."

Ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne.

Bayan azahar muka ɗunguma gidansa a Hanwa, kowa da kwanonsa: magina, kafintoci, mata, har waɗanda ko bokiti ba su ɗaga ba. Muka jeru a ƙofa, muka zauna cikin ladabi. Maƙwabta suka fara tsayawa suna tambaya, "Suna ake yi, ko rasuwa aka yi?" Hajiyarsa ta leƙo, kunya ta kama ta, ta sa aka ɗora babbar tukunya.

Da muka sha miya muka suɗe hannu, mai fenti ya ce, "Allah ya saka, Alhaji. Sai gobe."

"Gobe kuma?"

Na ce, "Aikin ai ba yini ɗaya aka yi ba. Abincin ranar da aka yi rufi ma bai zo ba."

Ya dubi buhun shinkafarsa da ya kwanta, ya dubi Hajiya, ita kuma ta harare shi. Ya ce, "Ku gaya wa Mama ta zauna a yadda take. Don Allah ku tashi."

Har yau tana ɗakin, robarta ta koma wanki. Mu kuma ciki kawai muke gyarawa yanzu, an hana mai fenti kusantar bangon waje. Kai da kake ta kallon bangona yana ɓarewa tun shigowarka, har yanzu kana ganin ƙazanta ce?