Dutsen da na ɗauka a bakin titi

Da safiyar Lahadi ina ɗaura igiyar takalmi, mai gadin gidanmu ya ƙwanƙwasa ƙofa. Dattijo ne daga kudancin Masar, kuma ba ya hawa bene na huɗu sai da dalili. Ya miƙo mini jar fatar wuyan karyarmu, mai ƙaramar ƙararrawa.

Ya ce, "Ma'alish, sai haƙuri, ya Hajji. Masu shara ne suka same ta bayan babban titi. Mota ce ta buge ta."

Matata tana tsaye a bayana. Ta karɓi fatar daga hannuna ta koma ciki. Dattijon ya ɗan tsaya, ya ce mai ruwan rake na kwanar layinmu ya gan ta ranar Juma'a. Sai ya dube ni, ya sauka.

Lokacin ina aikin buga takardu a ofishin jakadanci, muna zaune a unguwar Dokki a Alkahira, ni da matata da 'yarmu mai shekara tara. Matata ta tashi a gidan yawa, inda ba a rasa mai leƙowa. A Alkahira kuwa sai ta yini a sama ba wanda ya yi mata sallama. Wata tsohuwa Bamisriya da ke samanmu, mai kiwon karnuka, ita ta lura da haka. Ta kawo mata 'yar kwikwiya ruwan zuma, irin masu dogayen kunnuwa da ake kira koka, har da takarda mai hatimi da ta lissafa iyaye da kakanni.

Matata ta duba takardar ta yi dariya. Ta ce, "Malam, wannan ta fi ka sanin asalinta."

Na ce ba a ajiye kare cikin ɗaki. Ta ce kwana uku kawai. Kwana ukun nan ya kai shekara huɗu. Ta kafa mata doka: kwanonta daban, ba ta shiga ɗakin da muke salla, ba ta hawa gado. Karyar ta kiyaye. Girmanta bai wuce gwiwata ba. Ta san ƙarar takalmina tun daga bene na biyu, kuma ni ne nake ɓoye mata ƙashi a takarda idan an yi walima a ofis.

Amma mutanenmu ba su sani ba. Duk ranar da za a zo mana cin tuwo, ma'aikata ko ɗaliban da ke unguwar Abbasiya, sai a hau da ita wurin tsohuwar, a share gashi, a kunna turaren wuta. Ni na kawo wannan tsari. Ina tsoron a ce gidan wane mala'iku ba sa shiga, a daina cin abincin matata.

A shekara ta huɗu tsohuwar ta samo wa karyar namiji mai takarda irin tata. Ni na ɗauki karyar a tasi na kai ta, ina addu'a kar in gamu da wanda na sani. Bayan wata biyu ta haifi biyar a cikin kwalin firji. 'Yata ce ta zama ungozoma da mai reno.

Kwanansu goma sha biyu aka yi Juma'ar. Mai sayar da gas ya zo yana buga tukunyarsa, 'yata ta buɗe masa, ta manta ba ta rufe ba. Mu kuma mun fito masallaci, mun tsaya shan ruwan rake a kwanar layi: ni da shugaban sashenmu da wani dattijo da muke girmamawa, mai yawan barkwanci. Sai na ji ƙararrawa. Karyar ce ta taho a guje, kunnuwa suna tashi, nonuwanta a cike, ta dafa farar rigata da ƙafafun gaba.

Shugabana ya ja da baya yana tattare riga. Dattijon ya ce, "Alhaji, wannan ai gaisuwar sani ce. Ko amarya ka yi ba ka gayyace mu ba?"

Na ce, "Ta wata Bamisriya ce a gidanmu."

Na kore ta, ta ƙi tafiya, ta zauna tana kaɗa jela. Sai na yi abin da kowane yaro yake yi wa karen bola a garinmu. Na sunkuya na ɗauki dutse. Ba ta san ma'anar sunkuyon ba, ta ɗauka wasa ne, ta matso. Na jefe ta. Ya same ta a cinya. Ta yi ƙara sau ɗaya, ta dube ni, ta juya ta bi hanyar babban titi, ba hanyar gida ba.

Dattijon ya ce, "Khalas, shi ke nan, sai ka canza riga kafin La'asar." Na tsaya na shanye ruwan rakena, muka yi hira wajen minti ashirin.

Da na hau sama na tarar da matata da mayafi a hannu, 'yata tana kuka. Matata ta ce, "Malam, ba ka gan ta a hanya ba?"

Na ce, "A'a."

Kwana biyu muna nema. Na bi da su duk layukan da na san ba can ta bi ba, don in na nufi babban titi za a tambaye ni yadda aka yi na sani. Ranar Asabar da yamma na je can ni kaɗai, ban same ta ba.

Ranar Lahadin, bayan mai gadi ya sauka, 'yata ta tsuguna gaban uwarta ta ce, "Mama, ni ce. Ni na bar ƙofa." Uwar ta ce ƙaddara ce. Ni ma na ce ƙaddara ce, har na dafa kanta.

Matata ta shayar da 'yan kwikwiyon da kwalbar jarirai. Uku suka rayu. Ta mayar wa tsohuwar da su duka, ta ce ba za ta iya ba kuma. Na daina bin kwanar mai ruwan rake har muka bar unguwar.

Na sha niyyar faɗa wa matata. Na ce sai an yi bikin salla, na ce sai yarinyar ta gama makaranta. Bayan shekara shida ciwo ya kwantar da matar tawa, kuma ba a ɗora wa mara lafiya irin wannan. A Alkahira muka binne ta. Da nake haɗa kayanta na ga jar fatar a cikin akwatin sarƙoƙinta, an cusa auduga a ƙararrawar don kar ta yi ƙara.

'Yata ta yi aure, tana da yara biyu. Na kwana gidanta bara. Ko shara za ta fitar, sai ta rufe ƙofa, ta dawo ta sake taɓa ta. Mijinta yana tsokanarta a kan haka, ita kuma ta ce tun tana ƙarama ta yi wani sakaci da ba ta son maimaitawa. Ina zaune a wurin da kofin shayi a hannuna.

Fatar tana wurina. Har yau ban faɗa wa 'yata ba.